Amsa: Gashina mai murɗewa yana bushewa yana karyewa

'Yar uwa kin ce duk sanda kika wanke gashinki sai ya bushe ƙamas ya cukurkuɗe, kina tajewa yana karyewa. Haka gashi mai murɗewa yake, maiƙon da fatar kai take fitarwa ba ya iya gangarowa har bakin gashin saboda lanƙwasarsa, shi ya sa ƙarshensa kullum a bushe.

Don Allah ki daina taje shi a bushe, wannan shi ne babban abin. Ki jiƙa shi sosai ki shafa kwandishina ba ƙyashi, ki raba shi gida huɗu ki fara warwarewa da yatsunki tukuna, sannan ki sa mataji mai manyan haƙora ki fara daga baki kina hawa sama a hankali, in kika ji ƙulli ki tsaya ki kwance shi da hannu kada ki fizga. Wallahi za ki ga gashin da ke maƙalewa a mataji ya ragu.

Shamfu sau ɗaya a sati ya isa, ki nemi marar salfet, wato sinadarin da ke sa shamfu kumfa yana kuma busar da gashi. In kin gama kada ki dirje da tawul, ki sa tsohuwar rigar auduga ki matse ruwan kawai, sai ki shafa man kaɗanya ko na kwakwa tun da danshinsa don mai ba ya jiƙa gashi, riƙe ruwan yake yi.

Da dare ki sa hular siliki kafin ki kwanta. Kitso mai ɗaurewa da yawa kuma ki guje shi, yana cinye gaban goshi.