Zaɓen Najeriya da harajin abinci: in ci bashi in tara wake?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Tahoua, ina kai wake Illela ta Ƙonni. Akwai saƙon murya da ke yawo a WhatsApp cewa saboda zaɓen 2027 gwamnatin Najeriya za ta yafe harajin shigo da abinci. Abokan sana'a na matsa mini in ci bashi in tara buhu 300 tun yanzu. Ina tsoron a bar ni a baya, ina kuma tsoron bashi. Me zan yi?

Amsa: Alhaji, kada ka ci bashin nan a kan saƙon murya. Ko da maganar ta tabbata, ba kai za ta yi wa rana ba, kuma nan ne 'yan kasuwarmu ke yin tuntuɓe kullum.

Da an ce "an cire haraji" sai kowa ya hau murna, ba mai tambaya: harajin wa aka cire? Wakenka amfanin gona ne na yankin nan. A ƙarƙashin tsarin cinikin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ba ya biyan harajin shiga Najeriya, kuma ranar da Nijar ta fita daga cikinta, 29 ga Janairun 2025, ƙungiyar ta ce a ci gaba da ɗaukar kayanmu a kan wannan tsari har sai an sake sanarwa. Harajin kashi 20 cikin ɗari da ke kan wake, na wanda ya fito daga wajen yankin ne. Wato harajin nan katanga ce da ke kāre ka. In an rushe ta, hatsin da ya zo a jirgin ruwa zai sauka Legas da araha, farashi ya karye a Dawanau, babbar kasuwar hatsi ta Kano, daga can ya biyo hanya har Illela. Kai kuma kana zaune da buhu 300 da mai bashi a ƙofar gida. Abin takaici, ba mamaki masu yaɗa saƙon nan dillalai ne da ke da kaya a sito suna neman wanda za su sauke wa. Su kuɗin la'ada suke so, ko ka ci riba ko ka faɗi ba ruwansu.

Kuma an taɓa yi. A Yulin 2024 Abuja ta sanar da yafe haraji na kwana 150 kan masara, alkama, shinkafar da ba a gama gyarawa ba da wake. Mutanen birni suka yi maraba, manoma suka koka, Akinwumi Adesina, shugaban Bankin Raya Afirka a lokacin, ya soki matakin a fili. Da ƙa'idojin suka fito sai ga sharaɗi: kamfani mai rajista a Najeriya, da ya shekara biyar yana aiki yana biyan haraji. Ina mai mota guda daga Tahoua a cikin wannan? Haka siyasar haraji take gab da zaɓe. Mai mulki na son tuwo ya yi araha a birni, yana kuma tsoron ƙuri'ar manoman arewa, shi ya sa maganar dandali daban, takarda daban. Ma'aikacin da ke bakin iyaka ba ya sauraron jawabin kamfe. Abin da ke cikin kwamfutarsa shi yake karɓa.

Sannan ƙofa biyu gare ka, kana ta kallon guda. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da gero, dawa, masara, shinkafa da wake, in ba zuwa Mali da Burkina Faso ba. Kafin ka sayi ko tiya ɗaya don fitarwa, je ofishin duwan na Ƙonni ko wurin ma'aikatar kasuwanci a Tahoua ka tambayi matsayin wake a yau, a nuna maka takardar da lambarta da kwanan watanta. Hoton takarda a waya ba hujja ba ne.

Abin da ke cinye riba a wannan hanya ma canji ne. Ka sayi wake da sefa, a biya ka da naira. Sefa na ɗaure da yuro, naira kuwa tun Yunin 2023 aka sake ta, daga wajen 460 a dala ta haura 1,500 cikin 2024. In ka ba da kaya bashi na mako uku, ka yanke farashin da sefa, ko ka canza ranar da aka biya ka. Iyaka ma ba ta da tabbas: an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufewa daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024.

In da kuɗinka ne, saya daidai abin da za ka iya sayarwa a nan gida in hanya ta toshe, ka riƙa kaiwa kashi kashi. Wanda za ka ajiye, busar da shi sosai ka zuba a buhun PICS mai ruɓi uku da ke hana iska shiga, ka ɗaure kowane ruɓi daban, ka ɗora a kan katako. Kada wani ya ruɗe ka da yayyafa masa maganin ƙwari Sniper, guba ce a cikin abincin mutane.