Tambaya da Amsa: Almakashin da Aka Aro Daga Bakteriya

Tambaya: Malam, na ji ana cewa CRISPR, almakashin da ake gyara ƙwayoyin gado da shi, daga jikin bakteriya aka samo shi. Yaya abin yake? Daga wata ɗalibar kimiyya, Zariya.

Amsa: Gaskiya ne, 'yata. Bakteriya ma tana da maƙiya, wato wasu ƙwayoyin bairos da ke shiga cikinta su hallaka ta. Idan ta tsira, sai ta yanki guntu daga DNA ɗin maharin, wato sinadarin gadonsa, ta adana cikin nata, kamar mai gadi da ya riƙe kamannin ɓarawo, ta yadda idan ya dawo, furotin mai suna Cas9 zai bi wannan shaida ya datse shi. An tabbatar da wannan garkuwa a 2007 a cikin bakteriyar da ake haɗa yogot da ita.

A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna cewa ana iya sauya wa Cas9 jagora, wato shaidar da yake bi, ya yanke wurin da ake so a DNA, aikin da ya jawo musu kyautar Nobel a 2020. A 2023 kuma Birtaniya ta amince da Casgevy, maganin sikila da ya dogara da wannan dabara, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba.