Kira, nauyin baki da jinka: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Wani mai karatu daga Kafanchan ya ce ya sanar da dangi cewa ƙanensa "ya amsa kiran Allah", yana nufin ya shiga makarantar koyon aikin fasto, sai ga mutane sun fara bugo waya suna yi masa ta'aziyya. Yana son sanin inda kuskuren yake.

Amsa: Masu ta'aziyyar ba su yi kuskure ba, domin a kunnen Bahaushe wanda ya amsa kiran Allah ko kiran Mahaliccinsa ya riga mu gidan gaskiya ne, kuma babu yawan wa'azin da zai kankare wannan ma'ana. Abin da ya kamata ka rubuta shi ne Allah ya kira shi ga hidima. Haka ma idan kana ba da labarin Musa a gaban kurmin da ke cin wuta bai ƙone ba, a sura ta 3 ta Littafin Fitowa a cikin Littafi Mai Tsarki, ka ce Allah ya kira shi ya aike shi. Kada kuma a ce kiranye, wanda sammaci ne ko janye wakili daga kujerarsa. Masu sa lanƙwasa inda babu ita har su rubuta "ƙira" kuwa, sun mayar da annabi maƙeri.

Tambaya: Wata malamar makarantar Lahadi daga Wusasa tana tambaya ko nauyin baki da i'ina abu ɗaya ne, domin ta ji ana amfani da su duka biyu a kan Musa.

Amsa: Ba ɗaya ba ne. I'ina sarƙewar harshe ce, mutum yana da abin faɗa amma harafi ya maƙale masa, alhali mai nauyin baki harshensa lafiya lau, sai dai yakan yi jinkirin furta abin da ya kamata a furta, har wani ya riga shi neman auren yarinyar da ya daɗe yana so. To amma a Fitowa 4:10, abin da Ibrananci ya ce a zahiri shi ne Musa mai nauyin baki ne da nauyin harshe, kuma masu sharhi sun daɗe suna saɓani a kai: wasu sun ce i'ina ce, wasu sun ce rashin fasahar magana ce, wasu kuma sun ce harshen Masar ne ya kuɓuce masa bayan doguwar zama a Madayana. Ni ina ganin a bar kalmar nauyi yadda take, saboda dalilin da ya fi wannan saɓani muhimmanci.

Kalmar Ibrananci ita ce "kabed", kuma tana bin Musa daga wuri zuwa wuri. A sura ta 17, lokacin yaƙi da Amalekawa a Refidim, Isra'ilawa suna rinjaye muddin hannuwansa suna sama, sai nassin ya ce hannuwan sun yi nauyi. Aka kawo dutse ya zauna, Haruna ya tallafi hannu ɗaya, Hur ya tallafi ɗayan, har faɗuwar rana. A sura ta 18 surukinsa Yetro ya same shi yana shari'a shi kaɗai tun safe har yamma, jama'a suna tsaitsaye, ya gaya masa cewa aikin ya fi ƙarfinsa, da wannan kalma dai ta nauyi, ya kuma ba shi shawarar naɗa shugabanni a kan dubu dubu, ɗari ɗari, hamsin hamsin da goma goma. A Littafin Ƙidaya sura ta 11 kuwa Musa ne da bakinsa ya kai kuka cewa jama'ar sun yi masa nauyi, aka ce ya tara dattawa 70. Sau huɗu ke nan ana ambaton nauyi, kuma babu inda aka sauke masa kayan. Kowane karo mutane aka ƙaro masa, tun daga wansa Haruna, wanda yake da shekara 83 lokacin da Musa yake da 80. Hausa ta yi sa'a da take da kalma ɗaya mai ɗaukar baki da hannu da aiki, shi ya sa nake jin takaici idan mai wa'azi ya watsar da ita ya ce Musa yana da "matsalar magana", kamar mai cika takardar asibiti.

Tambaya: Gidiyon da Irmiya, lokacin da Allah ya kira su ya aike su, shakka suka yi ko tawali'u? Daga wani ɗalibi a Jos.

Amsa: Ka yi hattara da shakka, domin tana nufin tsoro ma, kamar a "ba na shakkar kowa". Irmiya da ya ce shi yaro ne bai iya magana ba, raina kansa ya yi. Gidiyon ya fara da raina kai, yana cewa danginsa ne mafi rauni a kabilar Manassa, amma da ya shimfiɗa gashin tunkiya a masussuka har dare biyu yana neman alama, wannan kokwanto ne. Tawali'u hali ne da mutum yake da shi ko an aike shi ko ba a aike shi ba.

Tambaya: Wani dattijo daga Maraɗi ya ce an ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, an kuma ce ba a sarki biyu a gari ɗaya. Wanne ne ya dace da labarin Musa?

Amsa: Ranka ya daɗe, duka biyun, kuma duk wanda ya taɓa ganin ɗora jinka ya san ba su saɓa wa juna ba. A ƙasa ake ɗaure tsaiko a baibaye shi, sa'an nan maƙwabta su kewaye shi kowa ya kama gefensa, amma murya ɗaya ce take cewa a ɗaga, in ba haka ba jinkar ta karkace ta faɗa wa wani a ka. Dattawa 70 masu kama gefe ne. Da Eldad da Medad, biyu daga cikin dattawan, suka yi annabci a cikin zango, Joshuwa mataimakin Musa ya nemi a hana su, Musa ya ƙi, har ya yi fatan dukan jama'ar su zama annabawa. Amma da wani mai suna Kora da mutum 250 suka taso a sura ta 16 ta Littafin Ƙidaya suna ƙalubalantar matsayinsa da na Haruna, labarin ya ƙare da halaka, domin muryar suke nema. Ina roƙon matasa kuma su daina rubuta "jinƙa" a wannan karin magana, jinka rufin ɗaki ce, ba ta haɗa komai da jinƙai ba.

Tambaya: Haruna kakakin Musa ne ko wazirinsa?

Amsa: A Fitowa 4:16 an ce zai zama masa baki, wato kakaki. Waziri ita ce kalmar da Musa ya roƙa da ita a Suratu Ɗaha, kuma malaman Larabci da dama suna danganta ta da "wizr", kaya mai nauyi.