Daga Abuja zuwa Mambila a motar haya: mu bi ta dare don mu rage kuɗin masauki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu huɗu ne, abokan juna, mun gama makaranta muna zaune a Kubwa. Mun tara ɗan abin da ya samu, muna son mu goya jakunkunanmu mu zaga Jos da Yankari har Mambila a motar haya. Wani a cikinmu ya ce mu riƙa bin motar dare, mu yi barci a hanya, kuɗin masauki ya huta. Malam, me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ji daɗin wannan niyya taku, Allah ya cika muku ita. Na daɗe ina raka baƙi daga Jos zuwa waɗannan wurare, kuma amsata a kan motar dare ita ce a'a. Abin da za ku rage bai kai abin da za ku sa a haɗari ba. Direban dare sau da yawa ya wuni yana tuƙi, ramin da ake kauce wa da rana ba a ganinsa sai an faɗa, in kuma mota ta lalace a daji ba bakanike ba mai taimako. Ga matsalar tsaro da kowa ya sani. Sannan ku da kuka fito kallon ƙasa, me za ku gani a cikin duhu?

Ku lissafa tafiyarku da hasken rana, kada ku lissafa ta da kilomita. Motar tasha ba ta tashi da agogo, sai ta cika. Motar farko, wadda ake lodinta bayan sallar asuba, ita ce ke cika da wuri, saboda 'yan kasuwa ita suke bi. Na taɓa makara da wasu baƙi za mu Jalingo, muka zauna tun hantsi har aka kira azahar ana jiran mutum biyu, ɗan kamasho yana ta cewa saura kaɗan. Dare ya riske mu a hanya, ban ji daɗin ranar ba ko kaɗan. Tun daga nan, in saura kujera ɗaya ko biyu, sai mu haɗa kuɗi mu biya, mota ta tashi. Ku huɗu ne, wannan ba zai yi muku nauyi ba, kuma jakunkunanku sun samu wurin zama ke nan.

Ku shiga mota a cikin tasha, Jabi ko Utako ko Nyanya, inda ake rubuta sunan fasinja da lambar wani nasa a takarda. Ku rubuta lamba ta gaskiya, domin ita ake kira in wani abu ya faru. Motar bakin titi ta fi arha, amma ku mazauna Abuja ba sai na ba ku labarin 'yan wan cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi a cikin mota, ba. Kafin ku biya, ɗaya daga cikinku ya zaga motar ya dubi tayoyi, ya leƙa ko akwai safaya. In direba ya fara gudun ganganci ku yi masa magana tare, cikin ladabi. Baki huɗu ya fi baki ɗaya. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, kowa ya adana ta a wayarsa.

Ga yadda zan raba muku hanyar. Ranar farko Abuja zuwa Jos ta Keffi da Akwanga, awa huɗu zuwa biyar. Ku nemi kujerar taga don Hawan Kibo, inda titi ke naɗe dutse har kunne ya toshe, iska ta sauya ta yi sanyi. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, don haka rigar sanyi ta kasance a saman jaka, kada a cusa ta a ƙasa. Daga Jos zuwa Bauchi kamar kilomita 130 ne, tafiyar safiya ɗaya. Yankari ita ce ke yaudarar matafiya: motar haya ba ta shiga ciki, kuma daga ƙofa zuwa sansanin Wikki ya haura kilomita 40 na daji. Ku yi shatar mota daga Bauchi, ku daidaita da direba kan zuwa da dawowa tun kafin ku tashi, kada ku biya shi duka a farko. Ruwan Wikki mai ɗumi zai wanke muku gajiya.

Mambila kuwa ba wurin gaggawa ba ne. Bauchi zuwa Gombe, ku bi ta Numan ku kwana a Jalingo. Washegari ku yi sammako, domin hanyar Bali da Serti har a hau dutse zuwa Nguroje da Gembu wuni guda take ci, da damina ma ta fi haka. A kowace tasha ku tambayi 'yan yuniyon halin da hanya take ciki a wannan makon, su ne ke da labarin jiya.

Abin da ya fi raba abokai a tafiya shi ne kuɗi. Ku naɗa ma'aji ɗaya, kowa ya zuba daidai, shi ke biyan mota da masauki yana rubutawa. Amma kada tsabar kuɗin ta taru a aljihu ɗaya, kuma kada ku dogara da tura kuɗi ta waya, akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa. Katin shaida, waya, caja da magani su zauna a ƙaramar jaka a cinyarku, babbar ce ke shiga but. Ɗaki ɗaya mai gado biyu ya ishe ku huɗu, kuɗinsa in an raba ba shi da yawa. Duk inda kuka sauka, ku kira gida kafin ku nemi abinci.