Ba sai kana da garke ba

Ɗan'uwa, ka ce ka gama makaranta, ba ka da ko saniya ɗaya, kana tambaya ko akwai abin yi a harkar madara. Akwai, kuma mafi yawansa ba a wajen tatsa yake ba.

Babbar matsalar ita ce tsakanin ruga da kamfani. Madarar da aka tatsa da asuba, in ba a sanyaya ta ba, kafin rana ta take ta fara tsami. Shi ya sa kamfanoni irin su L&Z a Kano suke dogara da cibiyoyin tattara madara. Nan ake buƙatar matashi mai babur da tulun ƙarfe, ya zaga rugage da sassafe, da mai awo da zai gane in an sirka ta da ruwa, da mai gyaran firjin sola. Wannan na ƙarshen ma na fi ba ka shawara a kai, don masu iya shi ba su da yawa.

Sai abincin shanu. Da rani nono ke ƙafewa saboda yunwa, don haka wanda ya tara harawa, dusa da angurya tun kaka ba zai rasa mai saye ba.

In ilimin kake so, leƙa NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika, Zariya.

Yogot kam kowa can ya nufa. Amma kada ka fara sai ka tanadi wuta tsayayya da rajistar NAFDAC.