Tsakanin Farkawa, Tashi da Farga: Amsoshin Tambayoyinku

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto yana tambayar bambancin "wake up" da "get up", domin malaminsu ya fassara su duka da "tashi".

Malaminku ya yi gaggawa, kuma ba shi kaɗai ba ne. "Wake up" farkawa ce, wato barci ya saki mutum ya buɗe ido, ko da kuwa yana nan ƙudundune cikin bargo yana jin ladan na kiran assalatu. "Get up" kuwa sai ya yaye bargon ya sauke ƙafa ƙasa. A hira babu laifi a ce wane ya tashi daga barci, amma mai fassara ba shi da uzurin haɗe abin da Hausa ta riga ta raba. Shi kuma "awake" hali ne, daidai da mu ce wane idonsa biyu.

Wata malama daga Maraɗi ta tambayi ma'anar "woke" da take yawan ji a labaran Amurka.

Asalinta daga bakin baƙar fatar Amurka ta fito, inda suke gargaɗin juna da "stay woke", ma'ana a zauna ido buɗe game da wariyar launin fata. Ta bazu sosai a 2014, lokacin zanga-zangar garin Ferguson bayan ɗan sanda ya harbe wani matashi baƙar fata mai suna Michael Brown, daga baya kuma masu ra'ayin mazan jiya suka mayar da ita kalmar gori ga abokan hamayyarsu. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke fassara ta da "wayewa". Wayayye shi ne wanda ya goge da zamani, alhali maganar nan ta wanda ya gano ana cutar sa ce. Kalmarmu ita ce "farga", wadda muka sani a "fargar Jaji", ta wanda bai ankara ba sai da aikin gama ya gama. Duk da haka a lura da bakin da ta fito, domin in ɗan siyasa ya faɗe ta da gatse, fassara ta da "farga" za ta juya maganarsa ta koma yabo.

Wani ya tambayi "alat" ɗin banki. Daga "alert" ne, wato faɗakarwa, kuma Ingilishi ma aro ya yi, tushenta Italiyanci.

Wani ɗan kasuwa a Legas ya ce maƙwabcinsa ya gayyace shi "wake-keep", bai san me zai tarar ba.

Kwanan zaune ne da ake yi wa mamaci kafin a binne shi, da addu'o'i da waƙoƙin coci. Kada ka kira shi zaman makoki kai tsaye, domin namu bayan jana'iza ake yin sa, nasu kuwa gawa ba ta shiga ƙasa ba tukuna. "Wake" a nan dangin "watch" ce, wato tsaro, saboda masu zaman gadin gawar suke yi har gari ya waye.