Yadda Ake Yanke Farashin Kwano Ɗaya

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa tukunyarka take ƙarewa kusan kullum amma abin da ke saura a hannunka da yamma bai wuce na cefanen gobe ba, kuma kana so ka san yadda ake yanke farashin kwano ɗaya. Kuskurenka na farko shi ne ka ɗauki kuɗin cefane a matsayin dukan uwar kuɗi, alhali wutar da ka dafa da ita, da ruwa, da mazubin da mai saye yake tafiya da shi, da ladan mai wanke-wanke, da rabon wannan yini daga cikin kuɗin haya, duk a cikin tukunyar suke ko da ido ba ya ganinsu. Ka saka ladan wahalarka ma a nan, domin ladan aiki daban, riba daban.

Mu ɗauka cewa duk waɗannan sun kama 14,400 a yini, kuma tukunyar tana ba ka kwano 40. Idan ka raba, kowane kwano ya tsaya maka a kan 360. Sai dai ba kwano 40 kake sayarwa ba, domin akwai ƙanzo, akwai na ɗanɗano, akwai ƙarin da kake yi wa abokin ciniki, akwai kuma wanda yake kwantai. Idan 36 ne suke zama kuɗi, to da 36 za ka raba, sai kwano ya koma 400. Saboda haka nake matsa maka a kan ka riƙe ludayi ɗaya, domin hannun da yake cika ludayi yau ya rage gobe ya rushe lissafin tun kafin a fara.

Wurin riba kuwa, nan ne har waɗanda suka daɗe a sana'a suke tuntuɓe. Wanda yake son ribar kashi 20 cikin 100 yakan ɗora 80 a kan 400 ya sayar 480, yana ganin ya gama. Amma 80 a cikin 480 bai kai kashi 17 na cinikin ba. Idan kana nufin kashi 20 na abin da ya shigo aljihunka, to uwar kuɗin ita ce sauran kashi 80, don haka sai ka raba 400 da 80 ka ninka da 100, wanda zai ba ka 500. Duka hanyoyin biyu ana bin su, amma ka san wadda kake bi.

Bayan haka ka dubi abin da maƙwabtanka suke sayarwa. Idan 500 ya fi ƙarfin masu saye, kada ka taɓa lissafin don ya yi maka daɗi. Ka koma ka rage ɓarna, ko ka nemi sari mai sauƙi, ko ka daidaita girman kwanon. Duk ranar da farashin wani babban kayan haɗi ya motsa, ka sake lissafin daga farko.